Mata uku masu kala a zanen Millet: ƙara ce a kan mai gona ko yabon talaka?

Malam Sani Funtuwa:
Assalamu alaikum. Hoton nan da na ɗora zane ne na wani Bafaranshe, Jean-François Millet, ya fito da shi a 1857. Da Faransanci ana ce masa Des glaneuses, da Hausa dai mata masu kala. Na yi shekaru ina nuna wa ɗalibai shi, kuma kullum karatun ɗaya ne: ku dubi inda haske ya faɗo, ku dubi ɗankwalayen nan uku, shuɗi da ja da rawaya. Jiya ina cikin wannan bayani wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ta hannun daman nan ba miƙewa ta yi ba, ƙugunta ne ya riƙe." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Haka mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, take tsayawa in ta dawo daga kalar gyaɗa, ba a duƙe ba, ba a miƙe ba, sai ta dafa bango kafin bayanta ya sake.

Na koma gida na sake kallon zanen kamar ban taɓa ganinsa ba. Ku duba da kyau. A cikin matan nan uku babu wadda kanta ya kai inda sama ta haɗu da ƙasa, duk ƙasa ta haɗiye su. Can baya kuwa, cikin hasken rana, ga tulin alkama kamar duwatsu, ga amalanke ana lodi, ga ma'aikata birjik, ga wani mutum ɗaya a kan doki yana sa ido. Abin da ke hannun matan 'yan zangarniyoyi ne da ba za su cika akushi ba. Ni a ganina ƙara Millet ya shigar a kan mai gona. Amma na san a cikinmu akwai manoma, akwai malamai, akwai wanda ya ga zanen ido da ido. Ina son in ji ta bakinku.

Isufu Damagaram:
Wa alaikumus salam Malam. Na tsaya gabansa sau biyu lokacin da nake karatu a Faransa. Yana gidan adana zane-zane na Orsay a Paris, wanda da tashar jirgin ƙasa ne, a bakin kogin Seine. Tsayinsa wajen santimita 84, faɗinsa wajen 111. A ido ba wani babba ba ne, amma a zamaninsa ba a saba ba wa matan ƙauye masu tsumma fili irin wannan ba, a sa su a gaba, su kaɗai, babu wani labarin sarauta ko na addini da aka jingina su da shi.

Abin da waya ba ta nunawa shi ne hannuwansu. Jajaye ne, masu kauri, kamar an sassaƙa su. Ta hagu ta ɗora hannu ɗaya a gadon bayanta tana riƙe da abin da ta tsinta, ɗayan kuma yana ƙasa. Fuska kuwa kusan babu, inuwa ce kawai ƙarƙashin ɗankwali.

Masu kuɗin Paris ma irin fahimtarka suka yi, Malam, shi ya sa suka ƙi shi. Ku tuna shekara tara kacal kenan bayan juyin juya halin 1848 da ya kori sarki Louis-Philippe, kuma a shekarar ne kowane namiji baligi ya sami damar jefa ƙuri'a, har da ɗan ƙwadagon ƙauye. Wani mai sharhi ya kira matan mutum-mutumin tsumma da aka kafa a gona. Wani ya rubuta cewa a bayansu yana hango dandalin fille kawuna na 1793, zamanin babban juyin juya halin Faransa.

Aminu Kura:
Malam Sani, da girmamawa, ban yarda ba. Ni manomin shinkafa ne, kuma in gaskiya za a faɗa, ni ne mutumin kan dokin nan, sai dai nawa babur ne. Ranar yanka nakan ɗauki mutum ashirin, talatin. In ban tsaya a kansu ba, rabin shinkafar a ƙasa za ta kwana. Kuɗin taki, kuɗin mai na injin ban ruwa, kuɗin 'yan ƙwadago, bashi ne a wuyana tun kafin in ga buhu ɗaya. Tulin da kuke gani a baya ba riba ba ce duka. Mai zane ya tsaya inda ya ga dama, ya mayar da mai gona ɗan ɗigo a nesa. Da ya matso kusa da shi, wataƙila shi ma da an ga lissafin da ya hana shi barci.

Sannan kala ai alheri ce. Mutumin ya bar su sun shiga gonarsa. Ina laifin?

Hajiya Binta:
Aminu ɗana, bari wadda ta yi kala ta ba ka amsa.

Ina 'yar shekara tara nake bin kakata. Asuba muke fita da ƙwarya da 'yar fartanya. Idan mun isa ba shiga muke ba, a bakin gona muke tsugunawa, mu da sauran mata, wasu da goyo, har sai an gama kwashe gyaɗar an ɗaure harawa, yaron maigona ya ɗaga hannu ya ce to ku shigo. Wani lokaci rana ta take kafin a ce haka. Wani lokaci a ce yau ba a gama ba, ku dawo gobe, mu juya da ƙwarya wayam. In an shiga, kowace ta kama kunya ɗaya tana tono. Gyaɗar da ta tsinke ta maƙale a ƙasa ita ake nema, ɗaya, biyu, wata ruɓaɓɓiya, wata ɓera ya riga ka. Ba ka ɗaga kai, domin in ka ɗaga, ta kusa da kai ta wuce ka. Yini guda, in Allah ya taimaka, mudu ɗaya da ɗan kai, da ɓawonta. Da daddare kakata takan kwanta rub da ciki ta ce in hau bayanta in tattaka mata.

Ban ce maigonar mugu ba ne. Mutumin kirki ne, har ya rasu muna gaishe shi. Amma nisan da ke tsakanin matan nan da tulin alkamar, wanda kake cewa mai zane ne ya ƙirƙira, ni na san shi da ƙafata. Nisan bakin gona ne da tsakiyarta. Wanda ke ciki ba ya ganin tsawonsa.

Malam Auwal:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Batun zanen mai rai malamai sun yi maganarsu, ba ita ta tara mu yau ba. Gyara ɗaya nake son yi wa ɗan uwa Aminu. Ka ce alheri. A Suratul An'am, aya ta 141, Allah ya yi umarni a ba da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa. Haƙƙi aka ce, ba kyauta ba. Kuma a Suratul Ƙalam ga labarin masu gonar nan da suka yi rantsuwa za su yi sammako su girbe ta, suna raɗa wa juna kada wani miskini ya shigo musu yau. Mun san yadda suka tarar da gonar. Zakka daban, kala daban, ban haɗa hukuncinsu ba. Amma tunanin cewa talaka yana da rabo a ranar girbi ba daga Faransa muka aro shi ba.

Rahila Wusasa:
Malam Auwal, mu ma haka yake a wurinmu. A Littafin Firistoci, sura 19, an hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaf, an hana shi komawa ya tsince abin da ya zube, an ce a bar wa matalauci da baƙo. Kuma Rut, gwauruwa baƙuwa, kala ta je yi a gonar Bo'aza.

Wannan ne ya sa nake ja da Malam Sani kaɗan. Millet ya tashi cikin karatun Littafi Mai Tsarki. Kafin wannan zanen ya yi wani, ya gama a 1853, na masu girbi suna hutawa, kuma labarin Rut da Bo'aza ne ya sa wa kayan manoman Faransa. Yana Boston yanzu. Millet da kansa ya ƙi a kira shi ɗan gurguzu. Ina ganin mutum ne da ya ɗauka cewa cin abinci da gumin goshi shi ne rabon ɗan Adam, yana girmama wanda ya ɗauki wannan kaya bai yi ƙorafi ba. Ku dubi yadda hasken yamma ya kwanta a bayan matan, a hankali, kamar hannu. Wanda ya zo shigar da ƙara ba haka yake zane ba.

Malam Sani Funtuwa:
Malama Rahila, na karɓi tarihin, haka yake. Amma ko a kotu akan sami mai shaida da bai zo da niyyar tona wa kowa asiri ba, gaskiyar da ya faɗa ita ke tonawa. Da yabo kawai yake so, me ya kai shi sa tulin nan a baya? Ya fara gwada wannan hoton a wasu zane-zane tun farkon shekarun 1850, ya daɗe yana juya shi. Mutumin da ya yi shekaru yana tunanin inda zai ajiye kowane abu bai sa mahayin doki a wurin bisa kuskure ba.

Mu Hausawa muna cewa noma na duƙe tsohon ciniki. Muna faɗa da alfahari. To amma duƙawa iri biyu ce a zanen nan. Na can baya sun duƙa ana biyansu lada. Na gaba sun duƙa a kan abin da na baya suka zubar. Ko a cikin talakawan akwai hawa hawa: mai gona, wakilinsa, ɗan ƙwadago, sannan mai kala a ƙarshe. Duka huɗun suna cikin zanen, uku kana ganinsu, mai gonar kuma gine-ginensa kawai ake hangowa.

Nafisa A.:
Malam, in an yarda in sa baki, don a kan wannan nake rubutun kammala karatuna. Hanya mafi sauƙi ta gane abin da Millet ya yi ita ce a ajiye shi kusa da Jules Breton. Shi ma ya zana masu kala, a 1859, shekara biyu bayan na Millet, kuma shi ma yana Orsay. Na ɗora shi yanzu. Ku duba: magariba ta yi, mata suna fitowa daga gona a miƙe, dogaye, kyawawa, ta tsakiya ta ɗora ƙaton dami a ka kamar sarauniya. Ƙafarsu babu takalmi, tufafinsu da yaga, amma babu wadda za ka ce yunwa ta taɓa ta. A gefe ga dogarin gonakin ƙauye da karensa, ya sa hannu a baki yana kiran a tashi. Kowa ya samu, doka tana aiki, an watse lafiya. Wannan zanen sarki Napoleon na uku ne ya saye shi. Na Millet kuwa zagi ya sha.

Aiki ɗaya, ƙasa ɗaya, shekaru kusan ɗaya. Bambancin shi ne girman damin da kuma ƙashin baya.

Akwai kuma Gustave Courbet da masu fasa dutse, 1849: tsoho da ya durƙusa da guduma, da yaro ɗauke da kwandon tsakuwa, rigarsa a yage, dukansu sun juya mana baya. Ɗaya ya yi tsufa da aikin, ɗaya ya yi ƙanƙanta, kana kallo ka san yaron nan shi ne tsohon nan gaba. Zanen ya ƙone a 1945 lokacin ruwan bama-bamai a yankin Dresden, hotunansa kawai suka rage.

Aminu Kura:
To ai kin kawo mini hujja, ƙanwata. Me ya sa na Breton zai zama ƙarya, na Millet gaskiya? Ni na sha ganin mata suna fita gonata da rabin buhu suna dariya. Ba kullum ake kuka a gona ba. Ku 'yan boko in ba ku ga talaka a wahale ba sai ku ce an yi masa kwalliya.

Nafisa A.:
Yaya Aminu, wannan maganar taka tana da nauyi, ba zan kauce mata ba. Akwai masu zanen da wahalar talaka ce hajarsu, kamar yadda wasu ƙungiyoyi ke yawo da hoton yaro mai ƙuda a ido. Kuma akwai zanen da ya nuna daɗin girbi ba tare da ƙarya ba. Pieter Bruegel, 1565, masu girbin alkama, yana New York: wasu na yanka, wasu sun zauna a gindin bishiya suna cin burodi suna shan abu a kwano da cokali, ɗaya ya baje yana barci baki buɗe. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san wannan barcin. Amma ka tambayi wa ya sa aka zana. Wani attajirin Antwerp ne, Nicolaes Jonghelinck, don ya ƙawata gidansa na bayan gari. Ba na cewa ƙarya ne. Ina cewa mai biyan kuɗi yakan zaɓi wace sa'a ta yini za a zana masa, kuma ba kasafai yake zaɓar sa'ar da Hajiya ta ba mu labari ba.

Isufu Damagaram:
In ƙara wani abu a kan dogarin nan na Breton. A Faransa kala ba al'ada ce kawai ba, doka ce. Tun 1554 sarki Henri na biyu ya ba da umarnin a bar tsofaffi da naƙasassu da yara da marasa ƙarfi su yi ta bayan an kwashe amfani. Sai da rana ake yi, daga fitowarta zuwa faɗuwarta. Wato wanda ya shiga gona yin kala ya riga ya amsa sunan matalauci a gaban garinsu. Shi ya sa ɓoye fuskar matan bai dame ni ba kamar yadda ya dami wasu. Ina ganin sutura ce ya yi musu.

Hajiya Binta:
Isufu, nan ka taɓo wani abu. Kakata in ta hango wani ɗan garinmu zai wuce ta hanya, sai ta ja mayafi ta ƙara duƙawa. Mijinta ya rasu ne, da tana da gonarta. Ba aikin take jin kunya ba, a gan ta a gonar wani take ji.

Nafisa A.:
Amma Hajiya, ni abin yana damuna. Sutura ce ko shafewa? Ilya Repin na Rasha ya zana masu jan jirgin ruwa a kogin Volga tsakanin 1870 da 1873, mutum goma sha ɗaya da ɗamara a ƙirji suna ja kamar shanun huɗa, ga jirgi mai hayaƙi can nesa wanda zai iya aikin. Ya je ya zauna da su, ya san su. Na gaban sunansa Kanin, tsohon limamin coci ne da aka tuɓe. Kowa da fuskarsa, har da saurayin da ke tsakiya yana fizgar ɗamarar kamar zai cire ta. Matan Millet har yau babu wanda ya san sunan ko ɗaya. Kuma kada mu manta Millet ba ɗan masu kala ba ne. An haife shi a 1814 a Gruchy, a Normandi, gidan manoma masu gonar kansu, ya yi karatun Latin. Ya san lauje, amma bai taɓa tsugunawa a bakin gona yana jiran a ce shigo ba.

Malam Sani Funtuwa:
Gaskiya ne Nafisa. Sai dai ki ƙarasa labarin Repin: ɗan sarkin Rasha, Vladimir Alexandrovich, shi ya saye zanen ya rataye a fadarsa. Suna da fuska ba su hana shi zama kayan ado a gidan sarauta ba.

Na Millet ma ga yadda ta kaya. Faran 3,000, kuɗin Faransa na lokacin, ya sayar da shi. Ya rasu a 1875 a Barbizon, ƙauyen da ya koma tun 1849. A 1889 aka sayi zanen faran 300,000. Madam Pommery ce ta saya, mai kamfanin giyar shamfen a Reims, ita ta yi wasiyya da shi ga gwamnati. A shekarar nan ta 1889 wani zanensa, na miji da mata da suka tsaya addu'a a gonar dankali, ya kai faran 553,000 a gwanjo, alhali iyalinsa ba su da wani abin kirki. Wannan labarin yana cikin abin da ya sa Faransa ta yi doka a 1920 cewa mai zane ko magadansa su riƙa samun kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa a gwanjo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An dai tuna da magadan mai zane. Magadan matan fa?

Baba Garba:
Ina ta karantawa ban ce komai ba, don rubutu a waya yana ba ni wahala, jikana ke taya ni. Ni na ga dalar gyaɗa a Kano da idona, ina saurayi. Mahaifina yana cikin waɗanda gyaɗarsu ke cikin buhunan nan. An ɗauki hotonta ba adadi, an kai ƙasashen duniya. A hotunan da na gani buhu ne ke cika ido, in an sa mutum to ɗan dako ne ƙarami a gefe, don a nuna tsayin dalar. Sunan Alhassan Ɗantata kowa ya sani, kuma ya cancanta. Wanda ya yi huɗa, da matar da ta ɓare, babu.

Ku ciro naira ɗari biyu ku juya bayanta. Ga dalar buhuna, ga shanu, ga kayan lambu. Ina manomin? Ku ciro naira goma, a gaba Alvan Ikoku da sunansa, a baya matan Fulani biyu da ƙwaryar nono, ba suna. Ladi Kwali ce kaɗai a bayan naira ashirin aka rubuta sunanta tana ginin tukunya. Ba sai an je Faris ba.

Rahila Wusasa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, yanzu na ciro na duba, haka ne. Kun tuna mini da Gerard Sekoto na Afirka ta Kudu, zanensa na 1947: jerin baƙaƙen ma'aikata sun ɗaga diga sama lokaci ɗaya, ga Bature mai sa ido a tsaye da lofe a baki, hannu a aljihu. A can ma'aikatan ne manya, sun cika zanen, shi kuma ya ƙanƙance. Amma su diga a sama take, kana jin ƙarfinsu. Matan Millet hannunsu ƙasa yake nufa. Har yanzu ina kan bakana cewa shi ba faɗa ya zo yi ba, tausayi ne da girmamawa. Na dai yarda da Malam Sani cewa abin da ya zana ya fi abin da ya yi niyya.

Isufu Damagaram:
Abin ya girmi Turai ma. A Luxor ta Masar akwai kabarin wani Menna, magatakardan gonakin Fir'auna, shekara fiye da dubu uku da suka wuce. A bangon an zana masu auna gona da igiya, da marubuta suna ƙirga hatsi, shi kuma a zaune a inuwa. A tsakiyar masu girbin ga 'yan mata biyu sun kama gashin juna suna faɗa a kan abin da suka tsinta.

Hajiya Binta:
Allahu akbar. Wannan faɗan na yi shi. Da wata Lami, a kan kunya ɗaya da gyaɗa ta zube da yawa. Ta yage mini riga, kakata ta yi mini duka a kan rigar, ta kuma yi kuka daga baya. Lami ta rasu wajen haihuwa tun muna 'yan mata. Yau shekara nawa ban tuna da ita ba.

Aminu Kura:
Allah ya jiƙanta Hajiya.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Ban janye maganata ta cewa mai gona ma yana da nasa nauyin ba. Amma akwai abin da ban faɗa ba. Da, in an yanka da lauje an yi bugu, mata na shiga su share wajen bugun, su sheƙe, su tafi da abin da ya samu. Shekara biyu kenan ina ɗauko injin girbi haya, kuma tun kafin ya fita nake sayar wa makiyaya tattakar. Bara da safe aka gama, da la'asar shanu suka shiga. Na ga mata huɗu ko biyar a kan kunyar ruwa da tsintsiya da faranti. Ban kore su ba. Ban kuma ce su shigo ba, don na riga na karɓi kuɗin mutane. Na tada babur na tafi. Sai da Hajiya ta ce bakin gona na tuna yadda suke zaune.

Malam Auwal:
Allah ya yi maka albarka da ka faɗa. In za ka sayar bana, ka sa sharaɗin kwana tun wajen ciniki, makiyayi ba zai ƙi ba in ya sani tun farko.

Aminu Kura:
Zai rage kuɗi Malam, amma ba da yawa ba. Kwana biyu zan sa.

Nafisa A.:
Yaya Aminu, in ka yarda ina so in zo ranar da takarda da gawayi. Ba hoton waya ba, zama zan yi in zana.

Hajiya Binta:
'Yata, in za ki je ki fara gaishe su tukuna, ki tambaye su. Wadda ta ce a'a ki bar ta. Wadda ta yarda ki tambayi sunanta, ki kuma tambaye ta ko tana son a rubuta shi, don wata ba za ta so 'yan garinsu su gani ba. Kada ki ce wa kowa ta tsaya a duƙe don ki gama zanenki, bayan ba na aro ba ne. In kin tsayar da mace kin hana ta tsinta, ki biya ta mudun da ta rasa.

Malam Sani Funtuwa:
Hajiya, wannan zan karanta wa ajina gobe kamar yadda kika rubuta shi. Nafisa, zan haɗa ki da ɗalibar da ta yi maganar ƙugu, ku tafi tare.

Aminu Kura:
Sati na biyu na watan Nuwamba nake sa ran yanka in Allah ya kai mu. Zan sanar da ku ana saura kwana uku. Ku zo da takalmin roba, ƙasar ba ta gama bushewa lokacin, kuma ku iso kafin ƙarfe bakwai, don su tun da sassafe suke zuwa.